Ɗaukar hoton masu tseren gudu: shawarwari ga gidan da ke neman sana'a

Tun daga 2016, duk shekara, galibi a watan Fabrairu, dubban mutane kan fito titunan Legas da sassafe domin gudun famfalaki na birnin, mai nisan kilomita 42.195. Kyamarorin talabijin da na 'yan jarida duk suna can gaba, suna bin 'yan tsirarun gwanaye, galibi daga Kenya da Habasha. Da na farko ya tsallake layi, aka miƙa masa kyautarsa, sai 'yan jarida su fara naɗe kayansu. A lokacin kuwa mafi yawan 'yan tseren suna can baya suna fama: ma'aikacin banki da ya yi watanni yana atisaye kafin ya tafi ofis, malamar makaranta, magidancin da likita ya ce ya rage tumbi. Waɗannan su ne kasuwar mai hoto. Zakara ba ya sayen hotonsa, domin gobe zai gan shi a jarida kyauta. Wanda ya zo na dubu biyu da wani abu shi ne ke neman abin da zai nuna wa iyalinsa da abokan aikinsa.

A Turai da Amurka akwai kamfanoni irin su MarathonFoto da Sportograf waɗanda abincinsu ke nan. Sukan jera masu hoto a bakin hanya su ɗauki kowa, daga baya ɗan tsere ya shiga intanet ya rubuta lambar ƙirjinsa ya sayi nasa. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk mai zuwa ɗaurin aure ko bikin yaye ɗalibai ya san masu hoton nan da ke ɗaukar mutane ba a kira su ba, kafin a tashi sun wanko sun baza a bakin ƙofa. Sai dai a tsere mutanen ba sa tsayawa, sun ninka 'yan biki yawa, kuma da an gama kowa ya kama gabansa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa nake ganin ya dace da gida guda: wani ya ɗauka, wani ya tantance, wani ya riƙe kuɗi.

1. Ku fara da tseren da ke kusa da ku. Kada don an ambaci Legas a kama haɗa jaka. Gasar inta-haus ta makarantun firamare da sakandare, wadda akasari ake yi a zango na biyu na shekarar karatu, ita ce wurin koyo mafi sauƙi. Fili ne kewayayye, zagayensa mita 400 in cikakke ne, don haka a tseren mita 1,500 kowane yaro zai wuce ta gabanku sau uku ko huɗu. Wanda ya kuɓuce muku a zagayen farko za ku same shi a na biyu. Ga kuma masu saye zaune a ƙarƙashin rumfa, domin uwa ba ta ganin hoton ɗanta yana kan gaba ta wuce. Bayan makarantu akwai tseren kilomita 5 ko 10 da bankuna da jami'o'i da ƙungiyoyin lafiya kan shirya, da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima, inda masu hoto suka daɗe da kafa sana'a da izinin hukumar sansani. Wanda ke zaune a Filato yana da wata dama ta daban, domin jihar ce ta fi fitar da 'yan gudun dogon zango a Najeriya, kuma masu atisaye a Jos da Pankshin suna buƙatar hotuna. Sai hannu ya faɗa ake tunanin manyan tsere, irin na kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo da aka fara a 2013, ko na hawan Dutsen Kamaru a Buea da ake yi tun 1973.

2. Ku nemi izinin masu shiryawa kafin ranar. Titi na kowa ne, amma tsere yana da masu shi. Manyan gasa suna ba masu hoto takardar shaida ko riga, wasu ma sun riga sun ba kamfani ɗaya damar sayar da hotuna, kuma wanda ya kutsa ba izini jami'an tsaro za su fitar da shi tun kafin ya ɗauki na kirki. A ƙananan gasa abin ya fi sauƙi. Ku je wurin shugaban makaranta ko sakataren kwamiti da wasiƙa da samfurin hotuna biyar ko shida. Ku yi musu tayin abin da suke buƙata: hoton manyan baƙi, na miƙa kyaututtuka, na tutocin kamfanonin da suka ɗauki nauyi, duk kyauta. Abin da za ku nema a madadinsa shi ne wurin tsayawa mai kyau, da kuma mai lasifika ya riƙa sanar da sunanku da lambar wayarku, a kuma saka ta a zauren WhatsApp na 'yan tseren. Sanarwar nan ta fi duk wani talla da za ku biya kuɗi a kansa. Abin da aka amince a rubuta shi, ko da rabin shafi ne, kowa ya sa hannu. Jirgin nan maras matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama kuwa, a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, don haka ku bar shi tukuna.

3. Kada ku ci bashi don sayen kaya. Kyamarar Canon ko Nikon ta hannu, mai lafiya, ta isa. Abin da ya fi jikin kyamarar muhimmanci shi ne madubinta, wanda zai jawo ɗan tsere tun yana nesa. Ƙwararru suna amfani da mai 70-200, amma yana da tsada da nauyi. Mai 55-250 ko 70-300 ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma da hasken rana irin namu aikinsa ba laifi. In babu ko ɗaya, a yi hayar na kwana guda wurin mai shagon hoto, a ga abin da ranar ta kawo. Wayar hannu ba ta iya kama mai gudu daga nesa da kyau, amma tana da nata wurin: bayan layin ƙarshe, inda mutum ya tsaya yana ɗaga lambar yabonsa yana dariya da abokai, waya mai kyau tana ɗaukar hoton da za a saya. A tanadi batir biyu aƙalla, cike da caji tun dare, da memori biyu ko uku. Idan kowane hoto yana cin kamar megabayit 10, memori mai gigabayit 64 zai ɗauki sama da 6,000, amma ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, saboda dalilin da zai zo a shawara ta takwas.

4. Ku daidaita kyamara tun daga gida. Babban abin da ke ɓata hoton tsere shi ne dishi-dishi, kuma sanadinsa biyu ne. Na farko jinkirin shota. Lokacin da Kelvin Kiptum ya gama tseren Chicago na 2023 cikin awa 2 da daƙiƙa 35, yana cin kusan mita 6 ne a kowace daƙiƙa. Kyamarar da aka bari a kan 1/125 za ta bar irinsa ya matsa kusan santimita 5 kafin ta rufe ido, hannuwa da ƙafafu kuma sun fi haka sauri. A kan 1/1000 motsin bai wuce milimita 6 ba. Don haka a sa 1/1000 ga masu sauri da 'yan gajeren zango, kada kuma a sauka ƙasa da 1/500 ko ga masu jan ƙafa. A bar ISO a hannun kyamara ta riƙa ɗaga shi da kanta, domin yawancin tsere ana tashi ne gari bai gama wayewa ba. Sanadi na biyu shi ne fokas da ya tsaya wuri ɗaya alhali mutum yana tahowa. A Canon a zaɓi AI Servo, a Nikon da Sony AF-C, a ɗora alamar fokas a ƙirjin ɗan tsere a bi shi da ita. A ɗauka a tsarin JPEG, domin RAW yana cinye memori, kuma babu lokacin gyara dubban hotuna ɗaya bayan ɗaya. Kafin ranar, a tara yaran gida a layi su riƙa rugowa da gudu ana ɗaukarsu, har hannu ya saba. Su dai ba sa gajiya da wannan.

5. Wurin tsayawa shi ne rabin aikin, kuma ba a zaɓensa ranar tsere. Ku bi hanyar kwana ɗaya ko biyu kafin nan, a daidai lokacin da za a yi gudun, ku ga inda rana take faɗowa. Mai hoto yana son rana a bayansa ko a gefen kafaɗarsa, ta haska fuskar mai tahowa. Da safe ke nan ana neman sashen hanyar da 'yan tsere suka fuskanci gabas, kuma mu da muke neman alƙibla sau biyar a rana gano gabas ba ya ba mu wuya. Idan rana tana bayansu, fuska za ta fito baƙi ƙirin, lambar ƙirji ma ba za ta karantu ba.

Ku guji wurin tashi. A nan mutane a cunkushe suke, wannan ya tare wancan, daga cikin ɗari da ƙyar a samu goma da suka fito sarai. Sai an ci 'yan kilomitoci jama'a ke warwatsuwa su zama ɗaiɗaiku. Bayan kwanar hanya wuri ne mai kyau, domin kowa yana rage gudu kuma suna bin gefe guda. Saman tudu ma haka, sai dai a tsaya ɗan gaba da ƙololuwar, inda mutum ya fara samun numfashi ya ɗago kai. A Okpekpe, inda hanyar ta cika hawa da gangara, wannan kaɗai yana raba hoton da za a saya da wanda mai shi ba zai so gani ba. Kada a tsaya daf da teburin ruwa, kowa a nan bakinsa a cike yake.

Sai a duba abin da ke bayan ɗan tseren. Bola, kwata, shagon faci, motar da ta mutu, duk za su shiga hoton. A nemi abin da zai gaya wa mai kallo garin da aka yi tseren: gada, ƙofar gari, dutse, babban masallaci, ƙofar filin wasa irin na Ahmadu Bello a Kaduna ko na Seyni Kountché a Yamai. Mutum yakan biya don a ga inda ya yi gudun, ba don fuskarsa kaɗai ba. Idan gidan yana da masu ɗauka biyu, ɗaya ya zauna a tsakiyar hanya, ɗaya a 'yan mitoci bayan layin ƙarshe, inda zai haɗa mutum da agogon gasar a hoto guda. Da an zauna kuma a zauna. Mai yawo daga nan zuwa can yana neman wuri mafi kyau, kwastomominsa ne ke wucewa ta bayansa.

6. Ku san hoton da ake saye. Mutum ba ya sayen gaskiyar wahalar da ya sha, yana sayen kamannin da yake fata ya yi a lokacin. Mai hoto ya durƙusa ko ya zauna a kan 'yar kujera, domin daga ƙasa ɗan tsere yana fitowa dogo, takunsa mai faɗi. Ya juya kyamarar a tsaye ya ɗauki mutum tun daga kai har takalmi, kada ya yanke ƙafa. Lokacin dannawa shi ne sa'ad da ƙafar baya ta bar ƙasa, jiki yana sama. A lokacin da ƙafa ta dira kumatu kan zubo, kafaɗu su sauka, mai gudu ya koma kamar mai tafiya, kuma babu wanda zai biya kuɗin wannan. Hoto biyu ko uku ga kowane mutum sun isa. Mai riƙe maɓalli yana zubo goma sha biyar a kan mutum ɗaya yana tara wa 'yan gidansu aikin dare ne.

Wata dabara mai arha: a rubuta a kwali da manyan baƙi cewa mai hoto yana gaba, a ba yaro ya riƙe kamar mita 30 kafin wurin. Wanda ya gani zai gyara tafiya, ya miƙe wuya, wani ya ɗaga hannu, wani ya janye rigar da ta rufe lambarsa. Mai hoton ma ya riƙa magana: "Sannu da ƙoƙari, ɗago kai!" Kuma kada a tashi don gwanaye sun wuce. Na ƙarshe-ƙarshen nan, masu shigowa rana ta take ana shirin kwance rumfa, su ne suka fi kowa son hotonsu, kuma a lokacin sauran masu hoto sun tafi.

7. Lambar ƙirji ita ce adireshin kwastoma. Ba ku san sunan kowa ba, su ma ba za su zauna duba hotuna 3,000 suna neman kansu ba. Hoton da lambarsa ta fito rabin cinikinsa ya faɗa. Ku kuma daidaita agogon kyamara da na waya kafin a tashi, domin wanda lambarsa ta ɓuya yakan iya cewa wajen ƙarfe nawa ya wuce ta wurinku, sai a neme shi ta lokaci. A gasar makaranta da ba a saka lamba, a riƙa ɗaukar hoton takarda mai sunan tseren da ajin kafin kowane rukuni ya tashi, ta zama alamar raba su.

8. Ku raba aikin tun kafin ranar, kowa ya san nasa. A nan ne gida ya fi mai hoto ɗan kaɗaici. Mai ɗauka ba ya barin wurinsa, ba ya amsa waya, ba ya ciniki. Ƙaninsa ko ɗansa shi ne ɗan aike: da tsere ya yi nisa ya karɓi memorin farko ya kai teburin da aka kafa a inuwa kusa da layin ƙarshe, mai ɗauka ya ci gaba da na biyu. Ta haka kafin na ƙarshe ya iso an riga an fara tantance na farko. A teburin mutum biyu ake so, ɗaya yana karanta lamba, ɗaya yana rubutawa a kwamfuta. Da farko a kwafe hotunan, kada a goge komai daga memori sai an tabbatar suna wuri biyu. Sannan a fitar da masu dishi-dishi da waɗanda ido ke rufe. Sauran a sauya wa kowanne suna zuwa lambar mai shi, misali 1452-a da 1452-b, yadda da mutum ya faɗi lambarsa za a rubuta ta hotunansa su fito. Waɗanda lambarsu ba ta fito ba a tara su bisa lokaci, kowane kwata na awa da jakarsa.

Aikin nan ba ya buƙatar ƙwarewar hoto, natsuwa yake so, kuma 'yar sakandare mai saurin hannu a kwamfuta ta fi mahaifinta iya shi. Amma a yi lissafinsa: idan kowane hoto yana cin daƙiƙa 5, hotuna 3,000 za su ci sama da awa 4. Uwargida ko wani babba ya riƙe waya da littafin kuɗi, shi kaɗai ke faɗin farashi. Yaran da suka yi aiki a ba su ladansu a hannu, komai ƙanƙantarsa, a kuma yanke shi tun kafin a fita. Sana'ar gida da yawa a kan rabon kuɗi take watsewa, ba a kan rashin ciniki ba.

9. Ku sayar da wuri. Hoton tsere kamar ƙosai yake, da zafinsa ake saye. A ranar da washegari mutum yana cikin murna, yana son abin da zai ɗora a Facebook da WhatsApp. Bayan mako guda ciwon ƙafa ya warke, zance ya wuce, kuɗin ma ya tafi wata hidimar. Ku ɗaura wa kanku cewa hotuna za su fito kafin a kwanta a daren tseren. Mai ƙaramar na'urar wanke hoto irin Canon Selphy, wadda ke fitar da mai girman inci 4 da 6 cikin kamar minti guda, zai iya sayarwa nan take, muddin ya tanadi batir ko ƙaramin janareta. Sai dai kada ku kwaikwayi masu hoton biki wajen wanke komai a baza. Mafi yawan waɗanda kuka ɗauka ba za su saya ba, kuma takarda da tawada kuɗi ne. A nuna a allon kwamfuta, wanda ya biya a wanke masa. Samfurin da za a tura ta waya a rage girmansa, a rubuta sunan sana'arku a tsakiyarsa, ya ratsa ƙirjin mutumin. Tambarin da aka maƙala a kusurwa yanke shi ake yi a ɗora hoton ba a biya ba.

10. Ku yi lissafi kafin ku yanke farashi. A haɗa kuɗin mota, hayar madubi, data, abinci, takarda, mai na janareta da ladan yara. A ce duka sun kama naira 40,000, kuna sayar da hoto ɗaya 1,000: sai an sayi 40 kafin ku fara ganin riba. Idan 'yan tseren duka ba su wuce 100 ba, wannan fita ba ta biya, sai dai a ɗauke ta a matsayin koyo. A tanadi farashi biyu, na hoto ɗaya da na duk hotunan mutum a dunƙule, na biyun kada ya kai ninki uku na na farko, domin yawanci shi za a zaɓa. Akwai hanyoyi biyu da suka fi jiran mai saye tabbas. Ɗaya ita ce rajista tun kafin tsere, kamar yadda masu hoton sansanin 'yan hidimar ƙasa ke yi: mutum ya biya da rangwame, ku rubuta lambarsa, ku san da shi. Ƙungiyoyin masu motsa jiki da ke zuwa da riga iri ɗaya sun fi dacewa da wannan, a yi ciniki da shugabansu sau ɗaya. Ta biyu ita ce masu shirya gasar su biya ku kuɗin aikin gaba ɗaya, su raba wa mutanensu hotunan kyauta. A ganina ita ce mafi kwanciyar hankali ga gida mai ƙaramin jari, ko da abin da za a samu bai kai na ranar da kasuwa ta yi kyau ba.

11. Kuɗi ya shiga kafin hoto ya fita. A buɗe asusu na daban don sana'ar, a banki ko a OPay, Moniepoint ko PalmPay. A Nijar akwai Nita da Amana, a Ghana kuma MoMo. Kada a yarda da hoton rasit ko saƙon da aka nuna a wayar mai saye, domin alat na bogi ya yi yawa, kuma cikin cunkoso aka fi yin sa. Mai riƙe kuɗi ya buɗe manhajarsa ya gani da idonsa. Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, don haka a tura shi a matsayin fayil, yadda in mai shi ya kai a wanke masa babba ba zai farfashe ba. 'Yan uwa da abokan arziki za su nemi kyauta. A ba kowa ɗaya da fara'a, sauran ya biya.

12. Ku kiyaye mutuncin wanda kuka ɗauka. A dogon tsere za ku ga wanda ya faɗi, wanda ke amai, wanda tufarsa ta yage ko ta manne a jiki saboda zufa. Irin waɗannan ba na sayarwa ba ne, ba kuma na dariya a zauren abokai ba, a goge su. Mace da ta ɗaga hannu ta ce kada a ɗauke ta, a sauke kyamara. A garuruwanmu ya fi kyau hotunan mata da 'yan mata su bi ta hannun wata mace a gidan, ita ce za ta tura wa masu su kai tsaye, kada a zuba su a zauren da kowa ke gani. Makarantar 'yan mata ma za ta fi saurin ba da izini idan mai ɗaukar mace ce, kuma wannan kasuwa ce da maza ba sa iya shiga. Hoton yaro iyayensa ko makarantarsa kaɗai ake ba, ba duk wanda ya zo ya nuna shi da yatsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman yardar iyaye ko mai riƙo a kan bayanan yara, kuma hoton fuska yana cikin bayanan mutum. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuwa ta ba wanda ya ɗauki hoto mallakarsa, sai in an yi yarjejeniyar da ta saɓa wa haka. Don haka kamfanin da ke son hotonku a tallarsa sai ya biya ku daban, ya kuma nemi yardar mai fuskar.

13. Ku kula da kaya da jiki. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: kada a cire madubi a fili, a riƙa share gilashin da ƙyalle mai laushi, ba bakin riga ba. Da damina a tafi da leda mai kauri da roba ta ɗaurewa. Mai hoto ya sa hula, ya ajiye ruwa kusa, ya zauna a gefen hanya ba a kanta ba, domin babura masu rakiya da motar asibiti suna bin 'yan tsere, kuma wanda idonsa ke cikin kyamara ba ya ganin abin da ke tahowa ta gefe. Jakar kaya kada a ajiye ta a baya ba mai tsaro.

14. Ku riƙe littafi, ku kuma san ranar goge hotuna. Bayan kowane tsere a rubuta nawa aka kashe, nawa aka ɗauka, nawa aka sayar, kuma daga wane wurin tsayawa aka fi saye. Tsere uku ko huɗu sun isa su nuna muku wanda ya cancanci komawa. Lambobin wayar waɗanda suka saya a adana su, da izininsu, a sanar da su idan za ku je gasa ta gaba, domin wanda ya yi gudu bana yakan dawo baɗi. Hotunan da aka saya a ajiye kwafinsu wuri biyu, saboda waya takan ɓata mutum ya dawo nema. Waɗanda ba a saya ba ku sanar tun farko cewa wata shida za su yi a hannunku, in lokacin ya cika ku goge su. Wanda kuma ya kira ya ce a cire hotonsa, ko ya saya ko bai saya ba, ku cire masa a ranar.